Shekara biyu mahaifiyata tana cewa ba ta gani

Shekarun baya, lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, cutar yana ta fara rufe wa mahaifiyata ido. Dada muke ce mata, kamar yadda yawancin 'yan unguwarmu ta Pumpumre suke kiran uwa, duk da mu Hausawa ne. Kakanta ne ya zo daga wajen Kano da fataucin goro, ya zauna, ya bar mu a nan. Atamfa take sayarwa a babbar kasuwa. Ba ta fi kowa arha ba, amma irin matan nan ce da idan ka shiga rumfarta sau ɗaya, ko bayan shekara biyar ta hango ka daga bakin layi za ta kira ka, ta tambaye ka ya mai jikin nan da ka ce za ka kai Ngaundare. Da wannan ta riƙe masu sayenta. Ni kuwa Malam take ce mini, don ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, kuma akwai 'yar tsokana a ciki.

Idon dama ne ya fara, na hagu yana biye da shi a hankali. Da abin ya yi nisa sai Goggo, yayar babanmu, ta zo da shawara. Wai akwai wani mutum mai yawo gari-gari, yana sa allura ya ture yanar ta faɗa cikin ido, nan take mutum ya ga haske. Ranar na yi abin da na fi iyawa, wato lacca. Na ɗauko alli na zana ido a jikin ƙofar ɗakin girki, na nuna musu inda yanar take da yadda allura take kashe ido gaba ɗaya. Goggo ta saurare ni har na gama, ta ce, "To, boka na lakwal, mun ji." Lakwal kuwa makarantar boko ce a bakin mutanen nan. Gaskiyata ce a kan mai allura, har yau ban canja ra'ayi ba. Amma daga ranar na ɗauki kaina ni ne mai ilimin idon Dada, har na fi ta sanin abin da take gani.

Ba a daɗe ba aka yi shela a rediyo cewa wasu likitoci za su zo su yi aikin yanar ido kyauta na kwana biyar a wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Na rubuta sunanta. Sai dai makon ya faɗo daidai da jarrabawa a makarantarmu, na yi ta ɗagawa, ban kai ta ba sai ranar ƙarshe.

Watan zafi ne, kun san zafin Garwa. Mutane sun cika inuwar dogon yaro, tsofaffi daga ƙauyukan dutse, Fulani daga ruga, matan gari, kowa da mai ja masa sanda. Da layi ya zo kanmu wajen la'asar, wani ma'aikaci ya haska mata tocila a ido, ya tambaye ta da Fulatanci ko tana ganin haske. Ta ce tana gani. Ya sa alama a goshinta ta ɓangaren dama, ya ce ta wuce. Shi ke nan binciken.

Na riga na yi mata bayani a gida cewa za a cire abin da ya yi fari a cikin idon, a sa wani ɗan gilashin roba a madadinsa. Sai ta riƙo hannun rigata ta ce a hankali, "Malam, gilashin da za su sa, ba za su auna ni ba? Tela ma ai sai ya sa igiya kafin ya yanka yadi."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Na ce, "Dada, waɗannan likitoci ne, sun san aikinsu. Ba kasuwa ba ce nan." Na karɓi takardar amincewa na sa hannu da irin sa hannun nan nawa mai jela, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Kashegari da safe aka jera su a benci aka buɗe musu bandeji. Ga mai hoto, ga ƙyalle an rataya da rubutu manya-manya. Wani ya ɗaga yatsu a gaban hancinta ya ce nawa ne. Ta ce uku. Aka yi tafi, aka ɗauke ta hoto, aka ba mu maganin ɗigawa da karne ɗinta, wato ɗan littafinta na asibiti, aka kira na gaba. Kafin azahar motocinsu sun bar gari.

Mako biyu bayan nan, ina zaune a tsakar gida ina gyara takardun ɗalibai, ta ce, "Malam, idon nan bai yi ba." Na ce me ya same shi? Ta ce duhun ya tafi, tana ganin hasken rana da launin kaya, abin da ke kusa da fuskarta ma tana ganinsa tar, har zanen tafin hannunta. Amma daga taku biyu zuwa uku komai ya zama kamar an zuba ruwa a kan rubutu. "Ga ka nan, na san kai ne don na san zamanka. Amma fuskarka babu."

Na koma asibitin, ban ce ban koma ba. Na samu wani ma'aikaci a bayan tebur, ya duba karne ya ce aiki ya yi kyau, ga shi an rubuta. Ya ƙara da Faransanci, yana murmushi irin na mu da muka yi boko mun fahimci juna, cewa tsofaffi haka suke, sai an yi haƙuri da su. Ni kuma na gyaɗa kai. Wani baƙo ya ce uwata ba ta san abin da idonta yake gani ba, na gyaɗa masa kai, har na ce masa na gode.

Abin da ya ƙara ɓatar da mu shi ne, a gida muna ganinta tana tsince tsakuwa a shinkafa ba ta barin ko ɗaya. Tana zura zare a allura, abin da matata ma sai ta yi sau uku. Sai dai takan kai abin har kusa da hancinta, amma wa ya lura da wannan? Mu dai abin da muka gani shi ne, mai zura allura tana cewa ba ta ganin mutum.

A kasuwa aka fara magana. Masu sayenta na shekara da shekaru su wuce ta bakin rumfa su ɗaga mata hannu, ta bi su da kallo ba ta ce komai ba. Sai ga ranar wani suna a unguwa. Goggo tana zaune a kan tabarma cikin mata, Dada ta shigo ta wuce ta gabanta ba ta durƙusa ba, ba ta ko gaishe ta ba. Yayar mijinta, a gaban jama'a. Goggo ta tashi ta bar gidan sunan ko abinci ba ta taɓa ba. Da yamma ta aiko a kira ni, ta ce, "Ɗan nan, ka gaya wa uwarka na gode. Da tana makauniya tana gaishe ni, yanzu da aka buɗe mata ido ta ga ban kai ba."

Na dawo gida raina a ɓace. Abin da na faɗa mata ranar, har yau idan na tuna sai na ji kamar in shige ƙasa. Na ce, "Dada, ƙorafin nan ya isa. An yi miki aiki kyauta, wasu suna can ba su samu ba. Ki gode wa Allah. Mai ganin kafar allura ba zai ce bai ga Goggo ba."

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta ce, "To, Malam." Daga ranar ba ta sake yi mini maganar ido ba.

Ta rage zuwa kasuwa, daga baya ta bar wa wata ƙanwarta rumfar gaba ɗaya. Ta daina zuwa suna da biki, don kada ta sake wuce wani. Wata rana da za ta tsallaka titi zuwa gaisuwar mutuwa, mai moto, wato ɗan acaɓa, ya kusa kwashe ta, ya bi ta da zagi. Bayan nan ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Matar da rabin kasuwa ke sanin muryarta ta koma zama a bakin ɗaki da faifan shinkafa. Idon hagu kuma ya ƙarasa yin fari fat. Na ce a kai ta a yi shi ma, ta ce a'a, wanda ya rage a bar mata shi da duhunsa. Ni kuma na riƙa gaya wa mutane cewa tsufa ne, taurin kai ya kama ta.

Haka muka yi shekara biyu.

Ina da wani abokina tun firamare, ma'aikacin jinya ne. Yana cikin waɗanda aka ɗauka suka taimaka a aikin kyautar nan, bayansa kaɗan aka mayar da shi Banyo. Da ya dawo Garwa ya zo gaishe da Dada. Ya tsaya daga bakin zaure yana yi mata murmushi, ita kuwa tana kallon wajen ba ta ce komai ba, sai da ya yi sallama ta ce, "A'a, kai ne? Yaushe a gari?" Ya zauna suna hira, ya ga ta ɗauki allura ta kai har gaban hancinta ta zura. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya miƙe ya ja baya taku huɗu, ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Ta ce ita ba ta ga ma hannu ba.

Ya juyo ya ce mini, "Wace rana aka yi mata?" Na ce ranar ƙarshe, da yamma. Sai ya ce gobe in shirya, akwai wata likitar ido da ta dawo daga ƙarin karatu, zai kai mu wurinta. Dada ta ce ba ta zuwa. Ya durƙusa ya ce, "Dada, na yi miki alkawari ba wanda zai taɓa idonki. Dubawa kawai." Shi ta yarda da shi. Ni da na ce, da ba ta tashi ba.

Likitar mace ce matashiya, 'yar ƙabilun dutse, Hausarta irin ta kasuwa. Abu na farko da ta yi shi ne ta ce, "Mama, faɗa mini yadda kike gani." Ta bar ta ta yi bayani har ƙarshe ba ta katse ta ba. Duk abin da Dada ta faɗa, shi ne dai wanda ta faɗa mini a tsakar gida shekara biyu da suka wuce, ko kalma ba ta sauya ba.

Sai likitar ta ɗora mata wani tabarau na ƙarfe marar gilashi, ta riƙa zura ƙananan gilasai a ɓangaren dama tana canjawa. A na huɗu ko na biyar Dada ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya." Ta juya ta kalli taga. Ta ce akwai mace a tsallaken titi tana soya ƙosai, ɗankwalinta shuɗi, zanenta kuma irin wanda ta taɓa sayarwa ne, ba na gaske ba ne, na kwaikwayo ne. Likitar ta fashe da dariya. Ni ban iya dariya ba. Tabarau. Abin da uwata take bukata ke nan tun makon farko, kuma ba wanda ya gwada mata, har da ni mai zanen ido a ƙofar ɗakin girki.

Daga nan likitar ta kawo na'urori biyu. Ɗaya ana riƙe ta a hannu, tana auna lanƙwasar gaban ido. Ɗayar tana da wani abu kamar biro, ana ɗiga magani a ido a taɓa shi da ita, ta faɗi tsawon idon daga gaba zuwa baya. Duka biyun za su shiga jakar makaranta, da batir suke aiki. Ba a yi minti goma ba an gama. Ta ce in ba ta karne. Na miƙa mata, don na adana shi tsaf a cikin fayil kamar takardar gado. A shafi na biyu akwai wata 'yar takarda da aka manna mai lambobi, wadda ban taɓa tambayar ma'anarta ba. Ta nuna mini lambar da ke jiki, ta nuna mini wadda na'ura ta fitar. Ta ce gilashin da ake sawa a ido ƙarfinsa hawa-hawa ne, kowane ido da nasa. Wanda aka sa wa Dada ya fi ƙarfin idonta nesa ba kusa ba, shi ya sa duniyarta ta tsaya a tsawon hannu.

A hanyar komawa, bayan mun sa Dada a mota, abokina ya ja ni gefe ya faɗa mini sauran. Ya ce a aikin nan ba a auna kowa ba, masu matsakaicin ƙarfi aka riƙa sa wa kowa, don su suka fi dacewa da yawancin mutane. Ranar ƙarshe suka ƙare. Maimakon a ce wa sauran mutane su dakata, aka ce a ci gaba da abin da ya rage a kwali, don a cika adadin da aka yi alkawari. Na ce to ai ba su da na'urar awo, ko? Ya kalli ƙasa. Ya ce akwai. Irin wadda na gani yanzu, sabuwa, an kawo ta kyauta kafin aikin. Tana ofishin shugaban asibitin a cikin kwalinta, an hana buɗewa sai manyan baƙi sun zo an yi bikin miƙa ta.

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a bakin kwalbati ba. Ashe ranar aikin, muna zaune a inuwar dogon yaro, uwata tana tambaya ko za a auna ta, abin awon yana bayan bango ɗaya da mu yana jiran a yanka masa kirtani.

Kashegari na tafi wurin shugaban asibitin. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Da na gama ya jingina da kujera ya ce, "Mesiye, mahaifiyarka ta shigo makauniya, ta fita tana ƙirga yatsu. A wurinmu wannan nasara ce. Kuma kada ka manta kyauta aka yi mata." Kalmar nan ta kyauta ita ta fi ƙona ni, don daga bakina Dada ta fara jin ta. Na ce masa da idon mahaifiyarsa ne, zai bari a sa mata ragowar kwali? Ya ce in yi magana da ladabi. Na tambaye shi ina na'urar. Ya ce ai an yi bikinta tuni, ya nuna mini hoton a bango. Na ce ana aiki da ita? Ya ce suna jiran a turo wanda ya iya. Na fita ban sha ruwansa ba. Na rubuta wasiƙa shafi huɗu da Faransancina mafi tsada, na kai inda ya kamata, aka buga mata hatimi. Har yau ban ji amsa ba.

Likitar ta ce cire gilashin da ya daɗe haka a ido akwai haɗari, ba za ta taɓa na dama ba. Za ta zaɓi na hagu da awo yadda tabarau ɗaya zai haɗa su su yi aiki tare. Dada ta yi mata tambayoyi sun fi goma, ta amsa duka, sannan Dada ta ce a yi. Wannan karon ita ta dangwala hannu a takardar, bayan an karanta mata da Hausa. Aka yi aikin, ido ya warke, aka yanka mata tabarau.

Ranar da ta fara sa shi ta ce in kai ta gidan Goggo. Tun daga bakin zaure ta hango ta a can ƙarshen tsakar gida, ta durƙusa a nan inda take ta gaishe ta. Abokina ya riga ya je ya yi wa Goggo bayani, don haka ba a yi doguwar magana ba. Goggo ta taso ta kama ta, suka yi kuka, sannan ta juyo kaina ta ce, "Kai kuma boka na lakwal, ina iliminka ya tafi?" 

Rumfar dai ba ta koma ba. Masu sayenta sun riga sun saba da wasu, ita ma ƙarfin ya ragu. Wannan shekara biyun ba wanda zai mayar mata.

Har yau idan na ji ana shelar aikin ido kyauta, raina yakan rabu biyu. Na san akwai masu yin sa da gaskiya, na san mutane da yawa sun samu ido ta wannan hanya, kuma har gobe ina cewa a guji mai allura. Amma ba na yarda a ce don abu kyauta ne talaka ba shi da bakin tambaya. Waɗanda suka ƙera na'urar nan sun yi nasu, sun mayar da ita ƙarama yadda za a ɗauke ta a moto a kai ta kowane ƙauye. Mu ne muka ajiye ta muna jiran mai hoto. Ina yawan tunanin tsofaffin da suka bi layi tare da mu da yammar nan, waɗanda suka koma kan dutse da ruga da ragowar kwali a idonsu, ba su da aboki ma'aikacin jinya. Wataƙila su ma 'ya'yansu suna ce musu sun cika ƙorafi. Idan za ku kai naku, ku tambaya ko za a auna idon kafin aiki, ku tambaya wa zai duba shi bayan an warke. Idan kuma tsoho ya ce muku ba ya gani, to ba ya gani ɗin ne.

Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na iya ba ta haƙuri. Wata safiya na same ta tana shan kunu, na durƙusa na ce, "Dada, ki yafe mini." Ta ce ta yafe tun tuni, uwa ba ta riƙe ɗa. Na ji sanyi, har na fara miƙewa. Sai ta dube ni ta cikin tabarau ta ce, "Amma Malam, abu ɗaya nake so ka riƙe. Tun farko na faɗa maka da bakina, shekara biyu ba ka yarda ba. Sai da ƙarfe ya faɗa maka."